Makunnin Ruwa a Bayan Ɗakina

Tun daga bakin gari na san an yi wani abu. Na sauko daga amalanken da ya kawo ni daga Urafane, na ga bidodi, jarkokin ruwa, jere a gindin pompo, babu ko mace ɗaya a wurin. Matan Tudun Kalgo ba su barin bido a layi su tafi. Da na shigo lungunmu sai na ga inda suka tafi. Ƙofar gidana suka cika, su da mazansu.

"Ga ta nan! Ga wadda ta kashe mana ruwa nan!"

Na aje ƙullin kayana a ƙasa. Na ce, "Wace ce ta faɗa? Ta fito nan in ga bakinta."

Ba wadda ta fito. Maigari ne ya matso, gefenshi Abdul Razak, shugaban masu gyaran ruwa da ke zuwa daga Tasawa a kan moto. Maigari ya ce, "Mardiya, shato ya bushe tun jiya. An karya makunnin da ke cikin gidanki, ruwan gari duka ya tsiyaye cikin kududdufi. Ba a haura danga ba, ba a fasa kwaɗo ba. To, ki faɗa mana."

Bari in faɗi yadda abin yake. Lokacin da aka gina shato, wannan babban tankin da ke tsaye bisa ƙafafun ƙarfe a kan tudu, tiyon ya biyo ta bayan ɗakina. Maigidana, Allah ya ji ƙanshi, ya bari aka yi ramin siminti mai murfi a nan, aka sa makunnin da ake buɗewa in za a zubar da ruwan shato a wanke shi. Aron wuri ya ba su don Allah, bai sayar ba. Da can akwai 'yar hanya da masu gyara ke bi ta baya. Sai suka bar mani danga a buɗe, awaki suka cinye zogalena ƙurmus. Wani karon ina tsugune ina wanka, sai ga ƙatti da takalman soja a kaina, ba ko sallama. Ranar na toshe hanyar, na jibga ƙaya. Na kuma ce, a gaban mutane, wata rana sai na farfasa ramin nan kowa ya huta. Wannan maganar suka ɗauko yanzu suka ɗora mani.

Na ce, "Jiya tun da sanyin safiya na tafi kasuwa, na kwana wurin ƙanwata. Ku je ku tambaya."

Wata daga baya ta ce, "Ai kafin ki tafi kika karya!"

Sai surukina Danda, mijin ɗiyata Ramla, wanda ke cikin kwamitin ruwa, ya durƙusa gaban Maigari ya sassauta murya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi mata uzuri. Shekaru ne. Wani lokacin tana yin abu ta manta. Abin da ya fi, a cire wannan yankin daga gidan, ya koma hannun kwamiti, ita ma ta huta."

Kun ji fa. Wai na zautu. Kuma yankin da yake faɗi shi ne duk bayan gidana: lallena, zogalena, turken awakina, wurin wankana. In aka cire shi, ɗaki da zaure kawai za su rage mani.

Maigari ya ce, "Haka za a yi. In ba a samu wanda ya yi ba kafin la'asar, a tuge danga. Yanzu buɗe, a shiga a gyara."

Na tsaya a bakin zaure na baje hannuwa. "Ba mai shiga. Jiya na share tsakar gidana kafin in fita. Duk wanda ya taka bayana, ƙafarshi na nan. A kira mani Hammadu."

Aka yi caa. Wani ya ce yara na jin ƙishirwa. Na ce su sha yawun iyayensu da suka iya zagi. Wani ya ce, "Bafillace zai bi sawu, alhali shanun danginshi aka gani suna shan ruwan a kududdufi?" Na ce ko aljani ne a kira shi. Abdul Razak ya dube ni kamar ya shaƙe ni, amma ya ce ma Maigari sabon makunnin ma sai an kawo daga Tasawa, don haka jiran ba zai ƙara komi ba.

*

Hammadu mai bin sawu yana zaune a rugar da ke arewa da gari, ta hanyar Issawane. Tsoho ne siriri, shi ake kira in an kore ma mutum saniya ko raƙumi. Ni da shi ba mu shiri, don karsanarshi ta taɓa shiga waken gonata na bi ta da jifa har ruga. Da ya iso ya jingina sandarshi ya ce, "Gwaggo, yau ba jifa?"

Na ce, "Ka yi aikinka, jifa na nan ajiye."

Ya tambayi inda nake ajiye mabuɗi. Na miƙa hannu cikin tsagar bango bisa ƙofa na ciro shi. Ya ce ma jama'a kowa ya tsaya waje, ni kaɗai in biyo shi, in riƙa taka inda ya taka.

Layukan tsintsiyata na nan kwance bisa rairayi. Ko ni na ga sawun: takalmin roba, irin wanda rabin mazan garin nan ke saye a kasuwar Urafane. Ya fito daga zaure ya nufi baya. Hammadu na tafe a duƙe. Dab da ƙofar ɗakina ya tsaya ya daɗe.

"Nan ya cire takalmi."

Na duba. Takalmi ya ƙare, ƙafa tsirara ta ci gaba, ta wuce ƙofar ɗakin, sai can wajen turken awaki takalmi ya dawo. Da zai fita ma haka ya yi.

Na ce, "Ɓarawo ne mana, kar a ji motsinshi."

"Wa ke gidan da zai ji?"

"Ba kowa. Sai awaki."

"To." Ya nuna da tsinke. "Dubi yadda ya taka. Yatsu sun nutse, diddige da ƙyar ya taɓa ƙasa, kuma yana tsalle-tsalle yana neman inuwar bango. Rairayi ya ƙone shi, Gwaggo. Rana na tsaka ya shigo."

Raina ya yi fari. "Ke nan ina kasuwa! Je ka faɗa masu!"

"Su ce Bafillace ya karanta masu ƙasa? Ba su yarda sai sun ga mutum. Kawo mani ƙore."

Na kwaso ƙoren da ke madafa duka. Ya zaɓi sawun da suka fito sosai, inda mutumin ya tsaya cikin inuwa da ƙafa duka, ya kifa ƙwarya a kan kowane. Ya hana ni faɗa ma kowa zancen ƙafa tsirara. A bakin ramin mun tarar da murfin siminti a ture, kan makunnin a gutsure, ƙasa duk ta jiƙe har ta ƙarƙashin danga inda tiyon zubarwa ya bi ya fita kududdufi.

*

Ni dai Abdul Razak na fara zargi, kuma a fuskarshi na faɗa.

"Kai ne. Ka turo yaranka su karya don a ƙwace mani wuri."

Ya cire hularshi ya goge zufa. "Maman, in karya abin da ni zan kwana ina gyarawa? Sau nawa na zo ƙofar nan na ce maki makunnin ya yi tsatsa, a bar ni in sa mashi mai, in sa ma murfin kwaɗo? Taɓarya kika nuna mani."

"Don kun gan ni tsirara!"

"Wannan laifinmu ne, na ba ki haƙuri tun a lokacin. Amma jiya da aka kira ni, na tsaya bayan dangarki ina jin ruwan gari na zuba, ga rami ina hange, ba halin in kai hannu. Kafin in hau tudu in rufe daga shato, saura laka. Da hanyar na nan, da rabin ruwan ya tsira."

Na ce ya tafi can da surutunshi. Hammadu ya bar mu a nan. Ya zagaya bayan danga ya duba, ya dawo ya ce gaskiya ne, manyan takalma sun yi ta kai da kawo a waje, ba su tsallaka ba. Ya tambayi Abdul Razak da me ake karya irin wannan ƙarfen.

"Wanda bai da kile ne, ƙarfen murɗawar da ya dace. Ya ɗaura wani ƙarfe ya murɗa da ƙarfi. Ya buɗu, da ya zo rufewa ya cije, ya danna, ya gutsure. Ba karyawa ya zo yi ba. Ruwa ya zo sata."

*

Daga nan jama'a suka koma kan Ashiru. Shi ke jan amalanken jaki yana ɗebo ruwa daga tsohuwar rijiya yana sayarwa, kuma tun da aka yi pompo kasuwarshi ta mutu. Yau kuwa tun safe jakinshi bai huta ba. Ga kuma sawun tayar amalankenshi har bakin zaurena.

Muka same shi a rijiya yana ja. Hammadu ya ce, "Ashiru, jiya me ya kai ka ƙofar Gwaggo?"

"Takin awaki ta ce in zo in kwasa. Na ƙwanƙwasa, shiru, na juya. Ko ba haka ba, tsohuwa?"

Na ce, "Tsohuwa uwarka. Haka ne, ni na ce ya zo."

"Yau kuma ka ji daɗi," in ji Hammadu.

Ashiru ya tofar da yawu. "Na ji mana! Allah ya sa ya shekara bai gyaru ba. Waɗanda suka daina gaishe ni yau suna ce mani Alhaji. Amma ni in zan karya, guduma zan sa in ragargaza, ba in tsaya murɗe-murɗe ba."

Yana magana Hammadu na kallon ƙafafunshi cikin taɓon rijiya. Faffaɗa ne kamar faifai. Da muka juya ya ce mani ba shi ba ne, ƙafar da ke gidana ba ta kai wannan ba.

A kududdufi muka tarar da abin takaici. Ramin da ya bushe tun bayan kaka ya cika, maza sun fi goma suna kwaɓa ƙasa suna buga tubali kamar ranar salla. Cikinsu har da masu zagina da safe. Suka ga Hammadu suka fara, "Ga sawun shanunku nan, ka bi shi mana!"

Ya tsuguna a bakin ruwan ya duba. Ya ce, "Shanu sun sha, ban musa ba. Amma kofatonsu bisa laka yake, bayan ruwa ya zo ke nan. Saniya ta ga ruwa ta sha. Ku ma kun ga ruwa kun kwaɓa." Sai ya bi layukan tubalin yana dannawa da babban yatsa. Wasu ɗanyu sharaf, na yau. Can gefe ɗaya akwai waɗanda suka fara tauri. Ya tambaya na wane ne waɗannan. Aka ce na mutum uku ne da ba su je kasuwa ba jiya, suka ga ruwa ya taho suka fara aiki: wani maƙeri, da ɗan limami, da Danda. Ni a lokacin maƙerin na sa ma ido, don shi ke da ƙarafa.

*

Saura maƙwabciyata A'i, wadda nake bar ma awaki in na yi tafiya. Ta rantse ba ta shiga ba, ta kan danga ta jefa masu harawa.

Hammadu ya ce, "Wa ya san inda Gwaggo ke ɓoye mabuɗi?"

Ta yi dariya. "Ɓoyewa? Tana tsaye tsakar lungu take miƙa hannu tana nishi. Har kajin unguwa sun sani."

Na ce, "A'i, bakinki zai kai ki."

"To ƙarya na yi? Ni dai da azahar na ji ƙarar ƙofa, na ɗauka kin fasa tafiya. Ban leƙa ba, ina fama da daka."

Da muka fito, Hammadu ya ja ni gindin bedi inda ba kowa. Ya daɗe yana zana ƙasa da sanda.

"Gwaggo, sawu wani lokacin yakan fita gari, wani lokacin yakan juyo cikin gida. In ya juyo, in bi shi, ko in ce iska ta share?"

Na ce, "Hammadu, an ce na haukace. Za a tuge mani danga da la'asar. Ko cikin zanena sawun nan ya shiga, bi shi."

"Kin faɗa."

"Na faɗa. Sai na maimaita da Fillanci?"

Ya ce in je in ce ma Maigari a yi zaman a cikin gidana, a bakin ramin, kuma a kira duk wanda aka ambata. Shi kuma ya karɓi tsintsiyata ya share gefen ƙoren nan sumul, ya yayyafa ma rairayin ruwa kaɗan daga randata.

*

Bayan sallar la'asar suka taho. Ina tsaye can baya kusa da ramin. Hammadu na bakin zaure yana shigo da su ɗaya bayan ɗaya, yana nuna masu su bi ta gefen ƙoren.

Maigari ya wuce da takalminshi. Abdul Razak ya wuce da nashi ƙwaf-ƙwaf, ya dai yi sallama wannan karon. Ashiru ya wuce yana cewa a yi sauri jakinshi na jira. Maƙeri, ɗan limami, dattawa biyu. Mata sun cika zaure, wasu sun hau bango, na hango Ramla cikinsu da goyo.

Danda ne na ƙarshe. Ya fito daga zaure, ya zo dab da ƙofar ɗakina, ya duƙa, hannunshi ya kai ga takalmi. Sai idonshi ya faɗa kan ƙoren da ke kife, jere daga daidai inda yake tsaye. Ya miƙe a hankali. Ya ɗaga ƙafa zai wuce da takalmin.

A nan na gane. Shekara nawa ina jin wannan ƙaramar ƙarar, ta roba na faɗuwa a bakin ƙofata, in ya zo gaisuwa. Ban taɓa kawo ta a raina ba, don na saba da ita kamar kukan zakara.

Wani dattijo ya daka mashi tsawa. "Kai Danda! Ƙofar surukarka za ka wuce da takalmi? Ga ta tsaye tana kallonka? Wa ya rene ka?"

"Baba, ƙafar ce ke ciwo."

Maigari ya ce, "Cire, mana. Yau ka fara?"

Ya cire. Ya taka rairayin nan mai laima kamar mai taka wuta, ya wuce. Hammadu ya biyo bayanshi ya ɗaga ƙwarya ta farko.

"Ranka ya daɗe, matso. Wannan na jiya ne da rana tsaka. Wannan na yanzu ne. Ba sai na ce komi ba."

Aka sunkuya. Ƙafar dama, yatsa na biyu ya hau kan babban yatsa bai taɓa ƙasa ba, sai rami huɗu maimakon biyar. Diddige da tsaga a karkace. Na jiya da na yau kamar a buga su da hatimi ɗaya. Ya ɗaga ƙwarya ta biyu, ta uku, duk haka.

Danda ya ce, "Gidan surukata ne! Kullum ina shigowa!"

Na ce, "Jiya da safe na share. Ni da kai rabonmu da gaisawa tun juma'a."

Hammadu ya ce, "Ɓarawo mai tsoron a ji shi tun waje yake cire takalmi, kuma ba ya mayarwa sai ya fita. Wannan gidan ba kowa, ya sani, ga rairayi kamar garwashi. Duk da haka da ya zo ƙofar nan ƙafarshi ta tsaya da kanta. Wanda ya saba ne. Ni iyakar abin da ƙasa ta ce ke nan."

Maƙeri ya yi gyaran murya. Ya ce jiya da hantsi Danda ya ari wani dogon ƙarfe wurinshi, ya dawo da shi a lanƙwashe, ya ce amalanke ya taka.

Danda ya zauna a ƙasa. Ya ce ɗaki yake so ya gina kafin damina, ruwan bido ba ya isar kwaɓi. Ya ce kaɗan ya so ya saki ya rufe, ba wanda zai sani, ranar kasuwa ce gari ba kowa. Abin ya ƙi rufuwa. Tsoro ya kama shi.

Na ce, "Tsoron ne ya ce ka ce na zautu?"

Ya sunkuyar da kai.

"Da kai nake! Tsoron ne ya ce ka ba kwamiti lallena da turkena? Ka ci tuwona, na ba ka ɗiyata ba ka da ko akuya, ka durƙusa gaban Maigari kana tausaya mani kamar mahaukaciya a kasuwa! Ka iya cire ma ƙofata takalmi, ɗan banza, amma ba ka iya buɗe baki ka ce ni ne ba!"

Maigari ya ce, "Ya isa, Mardiya. Fili naki ne, ba mai taɓa danga. Mun yi maki ba daidai ba."

Sai Abdul Razak ya ce, "Ranka ya daɗe, ni maganata ba ta ƙare ba. Gobe wani abu zai lalace a ramin nan, kuma Maman za ta je kasuwa. In ba ni da hanya, sai mu sake bushewa."

Na so in zage shi, amma na riga na gaji da tsayuwa, kuma ban ga ta inda zan kama shi ba. Na ce, "Naka mai sauƙi ne. A yi ƙofar ƙarfe ta waje, daidai ramin. A ja bango tsakanin ramin da wurin wankana, wanda ya fi ƙaton cikinku tsawo. Mabuɗi a hannunka kai kaɗai, ba kwamiti ba. Ƙasar kuma tawa ce, aro ne, a faɗa a gaban mutanen nan."

"Dakor, na yarda. Wa zai gina?"

Na nuna wanda ke zaune a ƙasa. "Ga mai tubali."

Maigari ya amince. Sannan ya sassauta murya ya ce kar a kai zancen ga jandarma, a duba Ramla da 'ya'yanta, abin ya tsaya cikin gida. Na ce ba ni son jandarma. A bakin pompo aka fara cin mutuncina, a gaban mata. Can nake so ya tsaya, ranar da ruwa ya dawo, ya faɗa da bakinshi.

Ramla ta kutso ta cikin mutane ta faɗi gabana. "Inna, don Allah. Ya isa haka. Ina zan sa kaina a garin nan?"

Na ce, "Da safe da mijinki ke cewa uwarki ta zautu, ina kika sa shi?"

Ta tashi ta fita, ba ta waiwayo ba.

*

Washegari da hantsi Abdul Razak ya ɗaura sabon makunni. Kafin azahar shato ya tara abin da za a saki. Duk matan gari na bakin pompo. Na zo da bokitina, aka dare mani hanya, ba wadda ta iya haɗa ido da ni. Maigari ya turo Danda da dattijo ɗaya.

Danda ya tsaya yana kallon ƙasa. Ya yi wata magana a maƙogwaro.

Na ce, "Ban ji ba."

"Ni na karya makunni."

"Na can baya ba su ji ba. Kuma ba shi ke nan ba."

Ya ɗaga murya har ta fashe. "Ni na karya makunni! Gwaggo Mardiya ba ta san komi ba! Hankalinta ƙalau! Ƙarya na yi mata!"

Aka buɗe pompo. Ya yi tari, ya fesa iska da jan ruwa, sannan fari ya zo. Na tara bokitina ya cika. Na naɗa gammo na ɗora a kai na tsuguna, ina jiran wadda za ta ɗora mani. Ba wadda ta motsa. Waɗanda suka zage ni kunya ta hana su, sauran kuma tsoro.

Sai na ga ƙafafun Ramla a gabana. Ta kama bokitin ta ɗaga ta dire mani a kai da ƙarfi, har ruwa ya zubo mani ta wuya ya bi baya. Ba ta ce sannu ba. Ni ma ban ce na gode ba. Ta koma layi wurin bidonta.

Har yau ba ta tako gidana ba. In jikokina sun zo, ta bakin zaure take tsayawa ta kira su. Ni kuwa lallena ya yi toho, kuma gobe zan dasa sabon zogale a jikin bangon da mijinta ya gina.